Muhawara: Wai unguwar dattawa ba wurin kai amarya ba ce?

Angon Gobe: Assalamu alaikum jama'a. Na samu haya a Nasarawa GRA, nan Kano, ɓangaren baya na gidan wani dattijo da ya yi ritaya, ɗaki biyu da falo. Layin tsit yake, masu gidajen duk manya ne, 'ya'yansu sun watse, wasu Abuja wasu ƙasashen waje. Ni wurin ya kwanta min. Amma yayata ta kafe, ta ce unguwar dattawa ba wurin kai amarya ba ce, wai abin da nake kira kwanciyar hankali kaɗaici ne kawai. Me kuka gani?

Maman 'Yan Biyu: Wa alaikumus salam. Ƙanena, yayarka ta faɗa maka gaskiya. A irin wannan layin aka kai ni. Kai da safe za ka fice, ita za ka bari da katanga da kukan kurciya. Gishiri ya yanke mata, babu yaron da za ta aika, babu gidan da za ta leƙa ta ce a sam mata. Tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013, in ba ka da mota sai ka taka har bakin titi kafin ka ga adaidaita. Ranar da naƙuda ta kama ni da rana tsaka, maigadin gidan da ke kallon namu ne ya fita nemo mota, matan layin ba su ji labari ba sai ranar suna.

Baba Mai Ritaya: 'Yata, Allah ya raya 'yan biyu. Amma kin yi mana kuɗin goro. Ni a Kundila nake, a gidajen da gwamnati ta gina, kuma yawancinmu tare muka tsufa a layin. Mun san wanda hawan jini ke damu, mun san wanda fanshonsa ya maƙale. In ba a ga mutum a sallar asuba kwana biyu ba, kafin hantsi an buga masa ƙofa. Sahunmu bai fi biyu ba, wasu ma a kan kujera suke salla, amma duk wanda babu an san babu shi. Ba ma zama a dakali, shi ke nan sai a ce ba mu da zumunci?

Maman 'Yan Biyu: Baba, ai kun faɗi abin da bakinku. Zumuncin naku na masallaci ne, na maza, na waɗanda suka shekara talatin tare. Yarinya 'yar shekara ashirin da aka kawo jiya, a wane sahu za ta shiga?

Ɗan Cikin Birni: Ni fa abin da ya sa ba na ganin laifin kowa, GRA tun asali ba don a yi cuɗanya aka zana ta ba. Turawan mulki ne suka keɓe wa kansu, dokar Lugard ta birane ta 1917 ta raba mazaunin Turawa da na 'yan ƙasa, har ana barin fili na yadi 440 a tsakani wanda ba a gini, wai tsoron sauro da zazzaɓi. Kowane gida a tsakiyar makeken fili, maƙwabci can nesa. Da suka tafi manyan ma'aikatanmu suka gaji gidajen, suka gaji tsarin, suka ƙara da doguwar katanga da waya a sama. Mu a cikin birni soro na kallon soro, in aka yi rasuwa kafin a gama wanka lungu ya cika.

Injiniya: Ɗan Cikin Birni, faɗi sauran mana. Lungun da ke cika ranar rasuwa shi ne ke cika ranar da 'yan daba suka fito. Nawa aka yi wa ƙwacen waya a bakin lungu bayan magariba? Ga injin markaɗe tun asuba, ga kiɗan biki har tsakar dare, ga kwata a ƙofar gida. Mutum ya dawo aiki a gajiye yana da haƙƙin ya yi barci. Kuma ku shiga Nasarawa a watan Afrilu ku ji bambanci, inuwar darbejiya da mangwaron da aka dasa tun kafin a haife mu ba abin wasa ba ce a zafin Kano.

Ɗan Cikin Birni: Inuwa kam akwai, ban musa ba.

Injiniya: Sai dai ango ka tambayi layin wutar gidan kafin ka biya. In Band A ne, wato rukunin da aka fi ba wuta, ka tuna a Afrilun 2024 an mayar da kuɗin yunit ɗaya naira 225, daga ƙasa da naira 70, bisa alƙawarin wutar awa 20 a rana. Ka kuma tambaya mita ɗaya ce da ta maigida ko taka daban. Sannan akwai kuɗin 'yan sintiri da na kwasar shara duk wata, kuma dattawa ba sa wasa da lokacin rufe shingen layi.

Dillali: Duk kuna ta magana a kan shiru kamar abu ne da zai dawwama. Ni da nake cin abinci a harkar nan, ga abin da nake gani. Shirun unguwar dattawa tsawon ran mai gidan ne. Ranar da Alhaji ya kwanta dama, ya bar mata biyu ko uku da 'ya'ya goma sha, gida ɗaya ba ya rabuwa. A fitar wa matan tumuninsu, namiji ya ɗauki rabon mata biyu, kowa na son nasa a hannu. Babu ɗa ɗaya da zai iya biyan sauran, sai a sa gidan a kasuwa. Wanda ke da kuɗin saye kuma ba don ya zauna yake saye ba. Farkon abin da yake yi sare bishiyoyi, sai rusau, sai a yanka filin gida huɗu ko shida, ko a nemi izinin canza amfanin fili a tayar da plaza, ko makaranta, ko wurin biki. Ku bi Ahmadu Bello Way da Audu Bako Way ku ƙirga gidajen zama nawa suka rage a bakin titi. Don haka ango, ka bar tambayar ko layin shiru ne. Tambayi gidaje nawa ne a layin suke hannun magada.

Baba Mai Ritaya: Dillali, wato jira kuke mu mutu.

Dillali: Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Ni la'ada kawai nake karɓa, 'ya'yanku ne ke kirana.

Hajiya Babba: Ni tambaya gare ni ga malamai. In magadan gidan da ke jikin nawa za su sayar, ba ni da haƙƙin a fara yi min tayi? Shekara da shekaru muna tare, yanzu a wayi gari a kafa min janareto a gindin taga.

Malamin Islamiyya: Hajiya, abin da kike nufi shi ake kira shuf'a. A mazhabar Malikiyya da muke bi, haƙƙi ne na wanda ya yi tarayya a cikin mallakar kafin a raba, kamar ɗan'uwan gado in ɗaya zai sayar da kasonsa. Maƙwabcin katanga ba ya da shi, Hanafiyya ne suka ba shi. Amma rashin hukunci bai sauke nauyi ba. Hadisi ne a Buhari da Muslim cewa Jibrilu bai gushe yana yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci zai sa shi cikin magada. Magada su sanar da ke kafin su ɗaura ciniki, wannan shi ne mutunci. In kuma mai saye zai mayar da wurin kasuwa, ku haɗu ku rubuta ƙorafi zuwa KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, tun ba a zuba fandisho ba.

Hajiya Babba: Mun gode Malam. Ita kuma Maman 'Yan Biyu, ki yi min haƙuri, ke kin taɓa ƙwanƙwasa ƙofar tsofaffin? Ni kaɗai nake wuni a gida mai ɗaki shida, jikoki sai da salla. Da yarinya za ta shigo ta gaishe ni, wallahi daddawa da kuka ba za ta ƙara saya ba, wankan jego ma ni zan tsaya mata. Yaran yanzu ne in an kawo su sai su rufe ƙofa su rungumi waya.

Maman 'Yan Biyu: Hajiya, na je. Gidan wata mai irin matsayinki ne, maigadi ya ce tana barci. Na koma ya ce an tafi Umara. Daga nan kunya ta hana ni.

Angon Gobe: To ni yanzu kun ƙara rikita ni. Maigidan dai da kansa ya ce ya fi son mai iyali, don matarsa ta samu mai ɗebe mata kewa. Mita daban ce, na duba. Abin da Dillali ya faɗa ne ya tsaya min, don gidan da ke jikin namu na ga an fara sauke bulo a ƙofarsa.

Dillali: Bulo nawa, kuma an sare bishiyar? In an sare, kar ka biya shekara biyu, biya ɗaya. Kuma a rubuta a takarda, wani babban ɗan maigidan ya sa hannu a matsayin shaida.

Maman 'Yan Biyu: Kuma ka ɗauki amaryar da yayarka su je su ga matar gidan kafin ka biya ko sisi. Su je da rana, lokacin da ba ka nan.