Yadda likitan iyali ke buɗe zancen ƙarshen rayuwa da majinyaci

Shawarar da likitoci suka fi nanatawa ita ce kada a jira sai jiki ya rikice kafin a buɗe wannan zance. Wasu kan tambayi kansu: "Zan yi mamaki idan majinyacin nan ya rasu cikin wata 12?" Idan amsar a'a ce, lokacin magana ya yi, ko ciwon daji ne ya bazu, ko na ƙoda ko na zuciya ya ci jiki.

A fara da jin abin da majinyaci ya fahimta game da ciwonsa, da iya abin da yake son sani. Wani zai ce a faɗa masa komai, wani ya ce a yi magana da babban ɗansa. A ganina nan aka fi tuntuɓe: dangi su roƙi likita ya ɓoye, alhali bawan Allah na da wasiyya da bashin da yake son saukewa.

An kuma ja kunne kan furta "ba abin da za mu iya yi". Akwai morfin don raɗaɗi, akwai maganin amai, akwai zaɓin jinya a gida. Likita kada ya yanka rana. Ya ce makonni ko watanni.