Jini ya dawo ƙafa, sai kuma kumburi ya taso: wa ya taɓa gani?

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Gudan jini ya toshe jijiyar ƙafar Babanmu, aka yi aiki aka buɗe, ƙafar ta yi ɗumi, muka yi hamdala. Cikin dare ƙwaurin ya kumbura ya yi tauri, ciwon ya zarce na farko, har likitoci suka tsaga ƙafar ta gefe biyu. Hankalinmu a tashe yake, wanda ya taɓa gani ya ba mu labari.

Tsohon Direba: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba Baba lafiya. Ni mota ta danne min cinya, aka daɗe kafin a ɗage ta. Da aka ciro ni garau nake magana. Washegari fitsarina ya koma kamar baƙin shayi, aka ce naman da ya lalace ne ya zuba a jini ya taɓa ƙoda. An yi ta ƙara min ruwa, sai da aka kai ga wankin ƙoda. Ku riƙa duba fitsarinsa.

Nas Mai Aikin Dare: Sannu Hajiya. Daren farko bayan irin wannan aikin shi ya fi hana mu zama. Naman da ya rasa iskar oksijin ya riga ya galabaita. Da jini ya dawo, iskar kan haifar da sinadarai masu lalata ƙwayoyin jiki, fararen ƙwayoyin jini kuma, masu kare mu daga cuta, su yi cincirindo a wurin, su manne a bangon ƙananan jijiyoyi. Wasu jijiyoyin su toshe, wasu su riƙa tsiyayar da ruwa. Tsokar ƙwauri kuwa tana cikin tantani mai tauri da ba ya miƙewa, sai kumburin ya shaƙe ta. Tsagawar nan sarari aka ba ta. Tun 1960 wani likita mai bincike, Robert Jennings, ya bayyana irin wannan ɓarna a zuciyar karnuka. Muna kuma auna fotasiyam, wani gishirin jiki, a jini, don idan ya hau yakan rikita bugun zuciya.

Ɗan Fadama: Ƙanena maciji ya sara a gona, muka ɗaure hannun tam da roba. A asibiti aka ce ɗaurin ya ƙara ɓarna, a hankali suka kwance shi. Anti Nas, ashe buɗe wa jini hanya ma haɗari ne? To me ya sa ake yi?

Nas Mai Aikin Dare: Malam, idan ba a buɗe ba ƙafar ce za a rasa. Tsoka ba ta jure rashin jini fiye da kimanin awa 6, kuma gwargwadon jinkiri gwargwadon kumburin da zai biyo baya. Hajiya, in kun ga yatsun sun yi sanyi ko ba ya jin su, ko fitsari ya ragu, ku kira nas nan take, kada ku jira zagayen safe.