Musayar Waƙa: Tasa, Sifika da Kiran Salla a Zango

Ɗan Nima: Assalamu alaikum. Babban amsa-amon wannan mako "ra" ne. Batu: yinin matashi mai aiki a Ankara (Accra), babban birnin Gana, mai hawan trotro, wato ƙaramar motar haya, daga asuba zuwa kwanciya. Bismillah.

Da sunan Allah zan fara,
Salati ga Manzo in ƙara,
Matashin zango zo saurara,
Ga tsarin yini a Ankara.

Huɗu da rabi ka bar barci,
Alwala, salla, sannan ci,
Koko da ƙosai ba ƙunci,
Ka kama hanya, kar ka jira.

Trotron shida shi ne naka,
Na bakwai zai ci albashinka,
Cunkoson Circle in ya riƙe ka,
Ofis sai ƙarfe tara.

Ka yi La'asar a wurin aiki,
Ka bar alwalarka a jiki,
Don Magariba ba ta da birki,
Shida na yi ladan zai kira.

In ta same ka cikin mota,
Sauka a tasha ka sallace ta,
Kuɗin trotro biyu ka ɓata,
Ya fi a ce ka makara.

Mai Tasa na Mamobi:

Yaya, waƙarka ta tsaya,
Ka kai shi gida ka juya baya,
Talabijin nasa ba ta da waya,
Bari mai sana'a ya gyara.

Tasar Multi in za ka kafa,
Sandar ta tsaya cak da ƙafa,
Noti huɗu, kar ka bar kafa,
Iskar teku na iya tura.

Ka juya fuskarta gabas,
Kan ashirin da takwas,
Tauraron na nan tabbas,
Ɗan karkata kudu, ka lura.

Layi biyu ne kan allo,
Na ƙarfi ba ya sa kallo,
Na inganci shi ne ƙwallo,
Ya haura sittin, kar ka ƙara.

LNB murɗa shi sannu,
Kamar agogo a hannu,
Motsi kaɗan, ba na shanu,
Kuskuren gashi guda asara.

Mahaɗin waya shi ne rauni,
Ruwa ya shiga, tagulla ta canja launi,
Naɗe shi da tef bisa auni,
Ka lanƙwasa ta, ruwa ya kwarara.

Ga masu dubawa a dikoda: tauraron MultiTV, kamfanin talabijin na tasa a Gana, yana digiri 28.2 gabas. Layin ƙarfi yana nuna wuta ta isa LNB ne kawai, wato ƙaramar na'urar da ke gaban tasa mai karɓar sigina, ko tasa na kallon bango zai iya tashi. Kuma in hadari ya yi kauri hoto ya ɗauke, kada a hau rufi a taɓa komai, ruwan na wucewa zai dawo.

Ɗan Nima: Kafa, ƙafa, kafa a baiti guda! Ƙanena, wannan kam ka ci.

Hajiyar Sabon Zango:

Ɗana Mai Tasa, sannu da aiki,
Ka juya tasa gabas da kirki,
Mai tasar na kwance a ɗaki,
Ladan na Isha yana ta kira.

Ƙwallon Turai ran Talata,
Bakwai ko takwas ake fara ta,
In bakwai ce, Isha ta riske ta,
Sahu ya rage, kallo ya tara.

Jam'in farko shi ne riba,
Minti goma ba zai kashe ka ba,
Ƙwallon da aka ci za a nuna gaba,
Jam'in da ya wuce ba a ƙara.

Yara ku gane dalilin. Agogonmu na Gana ba ya motsi, na Ingila ne ke matsawa gaba da awa guda daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba. A waɗannan watanni wasan ƙarfe 8 nasu yana zuwa mana ƙarfe 7, daidai bakin Isha. Da sanyi kuma wasan Asabar na ƙarfe 3 shi ke karo da La'asar. Mai gidan kallo ya san wannan, ya ajiye buta da tabarma.

Baban Sauti, Aboabo:

Mma Hajiya, a gaishe ki,
Na Ankara sun iya daɗin baki,
Amma in an zo sautin biki,
Kumasi ke koya wa Ankara.

Janareta nesa da rumfa,
Taku ashirin, ka ji ni fa,
Waya siririya kar ka dafa,
Biyu da rabi ita za ka zura.

Mikisa farko, amfi ƙarshe,
In an tashi, amfi ka fara kashe,
In ka saɓa, sifika ta fashe,
Ɗum ɗaya, tuwita ta tafi shara.

Mai om takwas ka haɗa biyu,
A layi guda sun zama huɗu,
In ka sa huɗu sun koma biyu,
Amfi ya ɗau zafi, ya daina ƙara.

Makirfo ya tsaya bayan sifika,
In ya wuce gaba sai ta yi kuka,
Kalangu, taƙi guda ya ishe ka,
Mai kiɗa na juyi, bi shi ka lura.

Goge da damina sai lallashi,
Fatar guza takan yi laushi,
Ka nuna mata ɗumin garwashi,
Izga ta sha ƙaro, a fara.

Minti biyar kafin ladani,
Sauke babban layi, masani,
Ba sai liman ya aiko wani
Ya tsaya kanka yana harara.

Om ma'aunin juriyar sifika ga wuta ne, amfi kuma shi ne na'urar ƙara ƙarfin sauti.

Ɗan Asawase: Kai! Baba ya rufe taro. Hajiya ya faɗi gaskiya, amma Baba ya zo da aiki a hannu. Kumasi a waƙa, ƙungiyar ƙwallonmu Kotoko a fili. Kofin Afirka biyu, 1970 da 1983. Wa ya ja?

Ɗan Nima: Ni na ja. Ƙungiyar Hearts ta Ankara ta ɗau nata a 2000, kuma kofin Confederation na 2004 a gidanku Kumasi ta ɗauke shi da bugun fanareti. A koma waƙa.

Lantana 'yar Fadama:

Baba, akwai abin da ka manta,
Ƙasar Ga tana da dokarta,
Kafin Homowo akan kafa ta,
Wata guda ba ganga, ba ƙara.

Mayu zuwa Yuni take kamawa,
Mai biki ya tambayi ran farawa,
Sifikar waje a ciki ake sawa,
In ka ƙi, kaya su tafi, ga tara.

To Baban Sauti, mai om takwas,
Kawo kayanka nan, tabbas
Kafin ka juya su gabas
An ɗauke amfi, sai harara.

Homowo bikin shekara ne na mutanen Ga, 'yan ƙasar Ankara. Sarakunan Ga ne ke sanar da ranakun kowace shekara, kuma ba a ware coci ko masallaci ba, lasifika ta koma cikin gini. Wanda zai sa ranar aure ko suna a Ankara ya duba wannan kafin ya biya kafin alƙalami ga makaɗa.

Almajirin Madina: A yi mini afuwa, akwai gurgun ɗango a sama. Mai Tasa, baitinka na ƙarshe: "Mahaɗin waya shi ne rauni" gaɓa 9 ne, na ukun ma 9, amma "Ruwa ya shiga, tagulla ta canja launi" gaɓa 13. Yaya Ɗan Nima ya yabi kafa da ƙafa, bai ga wannan ba don ɗan unguwarsu ne.

Malam na Tafo: Almajiri, ka ga laifin amma ka auna shi da mudun da ba nasa ba. Rubutacciyar waƙar Hausa ba a ƙirga mata gaɓa kamar goro. Nauyi ake dubawa, doguwa da gajeriya, yadda aruli ya koyar, kuma a wasu karuruwan gajeru biyu kan zauna a gurbin doguwa guda. Sai dai ko da wannan rangwamen ɗangon ya yi kiba. Ga gyara:

Mahaɗin waya shi ne rauni,
Ruwa kan canja mata launi.

Ka rera ka ji, numfashi ɗaya ya ɗauke shi.

Mai Tasa na Mamobi:

Malam, ka cire mini tagulla,
Ita ce ainihin matsala,
In ta yi kore, yanke ta, walla,
Sabon mahaɗi sai ka ɗaura.

Almajiri mai ƙirgan gaɓa,
Ka hau rufi ko sau ɗaya ka taɓa?
Tsani kaɗai zai sa ka zuba,
Ƙirga matakinsa in ka fara.

Almajirin Madina: "Taɓa" da "zuba" ba amo ɗaya ba ne, ɓa daban, ba daban. Kuma tun da an buɗe ƙofar gyara: Ɗan Asawase ya rubuta "Hajiya ya faɗi". Hajiya ta faɗi ake cewa.

Ɗan Asawase: Haka ake faɗa a zango daga Aboabo har Nima, kuma kowa ya gane. Hausarmu ce, ba aro muka yi ba.

Malam na Tafo: Magana ta baki ba wanda ya hana. Rubutu kuwa yana da gado a ƙasar nan. Alhaji Umaru, haifaffen Kano, a Kete-Krachi ya zauna yana karantarwa yana rubuta waƙa da ajami da Larabci har ya rasu a 1934. Wanda ya gaji wannan bai kamata ya yi wa ma'auni riƙon sakainar kashi ba. A ɓa da ba kuwa, Almajiri na da gaskiya.

Hajiyar Sabon Zango:

Ku bar ni da "ya", ku bar ni da "ta",
Hajiya dai ta san sunanta,
Kun bar yaro da tasa tata,
Kun koma kan gaɓa kuna dara.

Almajirin Madina: Mma, "tasa tata" ta wa? Yaro namiji ne.

Rabi ta Kanda (bayan kwana biyu): Na makara, amma ga nawa. An yi ta gardama an bar wuta da Juma'a. MoMo asusun kuɗi ne na cikin waya, Dumsor kuma ɗauke wuta da kawo ta.

Albashi in ya shigo MoMo,
Mita ka fara, kafin romo,
Katin wuta ya ƙare, ka komo
Ɗaki duhu, sauro ya tara.

Dumsor in ta ɗauke wuta,
Zare filogi tun kan ta dawo ta,
Minti biyar ka ba ta ta kwanta,
Zuwan farko shi ke asara.

Tsawa in ta fara da dare,
Wayar tasa ita ma ka cire,
Ta nan take bi, dikoda ta ƙone,
Filogi kaɗai bai isa tsira.

Juma'a nan ranar aiki ce,
Hutun rana shi za ka keɓe,
Sha biyu da rabi ka fice,
Masallacin Kanda sahu ya fara.

Tun da aka buɗe babban masallacin ƙasa a 2021, mai aiki a Ridge ko wajen asibitin soja na 37 ya sami wuri kusa. A faɗa wa shugaban aiki tun ranar Litinin, a rama awar da yamma.

Almajirin Madina: Yaya Rabi, cire da ƙone, keɓe da fice...

Ɗan Nima: Almajiri, ya isa. Kai ba ka kawo baiti ko ɗaya ba tun da aka fara.

Ɗan Asawase: Baba, tambaya. In sifika uku ne masu om 8 a layi ɗaya fa?

Baban Sauti, Aboabo:

Takwas ka raba gida uku,
Biyu da ɗigo bakwai ne naku,
Amfi mai huɗu zai gaji da ku,
Ana tsakar rawa ya daina ƙara.

Duba bayan amfin, an rubuta mafi ƙarancin om da kowane layi ke ɗauka. In 4 ne, sa biyu a layin farko, ta ukun ita kaɗai a na biyu, ka ɗan rage wa layin farkon murya har su daidaita. Kuma ka bar masa taƙi guda tsakaninsa da bango don fanka ta sha iska.