Kula da zomo bayan fiɗiya ko cire mahaifa: me ya kamata a sani?

Ummu Hanan:
Assalamu alaikum. Masu kiwon zomaye a gida, don Allah kowa ya kawo abin da ya sani kan kwanakin farko bayan an yi wa zomo aiki, namiji ko mace.

Baban Zomaye:
Wa alaikumus salam Hajiya. Abin lura na farko cin abinci ne, ya ma fi ɗinkin muhimmanci. Hanjin zomo ba ya son tsayawa. Idan ya yi awa 12 bai ci komai ba kuma bai yi kashi ba, ciki na iya daina motsi, iska ta taru, shi ne yake kashe su. Zomo ba ya amai, don haka ba a hana shi abinci kafin aiki kamar kare ko kyanwa. Da ya farfaɗo a ajiye masa busasshiyar ciyawa, ɗan harawa, ganyen karas da ruwa a kwano. A riƙa duba kashin: 'yan ƙanana masu tauri a rana ta farko ba laifi, amma rashinsa gaba ɗaya sai a koma wurin likitan dabbobi a ranar.

Malam Mai Kiwo:
In ya ƙi ci, a jiƙa abincinsa na buhu da ruwan ɗumi ya yi kauri kamar kunu, a zuƙa a sirinji marar allura. A naɗe shi da tawul yana zaune a kan ƙafafunsa, a zura bakin sirinjin ta gefe, bayan haƙoran gaba, a matsa mililita 1, a jira ya haɗiye. Kar a kwantar da shi rigingine, zai shaƙe. A maimaita duk bayan awa 4.

Anti Binta:
Magani fa a yi hankali. Ampiclox da Amoxicillin da aka saba saye a kemis, in aka ɗura wa zomo ta baki suna kashe ƙwayoyin da ke narka masa abinci, ya kama zawo ya mutu. Kar a taɓa. Na kashe ciwo da likitoci suka fi bayarwa meloxicam ne, ana auna shi bisa nauyin zomon. A ba shi har kwanakin da likita ya ce, domin zomo na ɓoye ciwo. In ya takure wuri guda yana cizon haƙora da ƙarfi, zafi yake ji.

Baban Zomaye:
Gaskiya ne Anti. Sai shimfiɗa: tsohon zane mai tsabta ko jarida, ban da garin katako, yana mannewa a ciwo. A rufa keji da gidan sauro, ƙuda na yin ƙwai a ɗinki, cikin kwana ɗaya sai tsutsa. Daren farko jikinsa kan yi sanyi, musamman da hunturu. A sa masa gorar ruwan ɗumi a naɗe da tsumma, a bar masa wurin matsawa in ya ji zafi.

Ummu Hanan:
Malam, in yana tsinke ɗinkin da baki fa?

Malam Mai Kiwo:
Yawanci ciwo ne ke sa shi, a fara gyara maganin. Robar wuya, wadda ake sa wa dabba don kar bakinta ya kai ga ɗinki, ba ta yi wa zomaye daɗi, tana hana su cin kashin nan mai laushi da suke ɗauka daga dubura, wanda abinci ne a wurinsu. Ga mace, a yanke bakin safa a sa mata kamar riga, kar ta matse. A duba ɗinkin safe da yamma. Ɗan kumburin jakar maraina a namiji na kwana biyu zuwa uku ba komai. Mugunya, wari, jini ko buɗewar ɗinki kuwa sai asibiti. Mace aikinta ya fi girma tunda an buɗe ciki, a hana ta tsalle da hawa abu na kwana 10, ba wanka.

Anti Binta:
Kar a yi saurin mayar da namijin wurin mace. Yana iya yi mata ciki har mako 6 bayan fiɗiya.