Zanen barkwancin 'yar wasan daɓe ya ƙi kama da ita

Salamu alaikum. Mako uku ke nan ina fama da zanen barkwanci na 'yan wasan daɓe 6 don takardar tallar wasansu. Biyar sun fito, jarumar ce ta gagare ni. Fuskarta daidai wa daida take, ba dogon hanci, ba faɗin goshi, ba wushirya.

Na ƙara girman idanu, ta koma 'yar tsana. Na ja haɓa, ta tsufa da shekara ashirin. Na bi hoton da aka ɗauka tana kan dandamali, ashe kwalliya da hasken fitila sun shafe inuwar kumatunta. Abokan wasanta ma ba su gane ta ba sai da na rubuta suna a ƙasa, ni kuwa a wurina faɗuwa ce wannan.

Na duba yadda Al Hirschfeld, wani mai zanen barkwanci ɗan Amurka, ya zana 'yan wasan Broadway (cibiyar wasannin daɓe ta birnin New York) da layi kaɗan, tsayuwa da motsin hannu sun isa a gane mutum. Na gwada, nawa ya sandare kamar gunki.

Idan fuska ba ta da wata fitacciyar alama, me ake kamawa a zuzuta ba tare da kamanni sun ɓace ba? Na gode.