Boila ta mutu, mai gyara ya lissafo kaya rututu

Hajiyar Leeds: Assalamu alaikum 'yan zaure. Boilar gidanmu, wato na'urar ɗumama gida da ruwa, ta mutu murus, ga hunturu ya kunno kai. Mai gyara ya ce in zai saka sabuwa dole ya ƙara tamostat, abin saita zafin gida, da wasu kawunan daidaita zafi a jikin radiyetoci, ƙarafunan ɗumama ɗaki, wai doka ce. Da gaske ne, ko kuɗina yake so ya ci?

Injiniya: Wa alaikumus salam Hajiya. Bai cuce ki ba. Tun Afrilun 2018 akwai ƙa'idar Boiler Plus a Ingila. Sabuwar boilar gas sai ingancinta ya kai kashi 92 cikin 100, kuma sai da abin saita lokaci da na saita zafi. In kombi ce, mara tankin ruwan zafi, sai an ƙara ɗaya cikin huɗu: na'urar da ke lura da sanyin waje, ko mai rage wuta gwargwadon ɗumin ɗaki, ko tamostat mai sarrafa kansa, ko mai tsimin zafin hayaƙin boila. Kawunan nan kuwa, gyaran da aka yi wa Sashe na L na dokar gini a Yunin 2022 ne ya kawo su, don kowane ɗaki ya riƙe zafinsa daban.

Kawun Birmingham: Ki zaɓi mai rage wutar nan, ita ce mai sauƙi, ba sai an liƙa komai a bangon waje ba. Amma kafin ya taɓa ko da ƙusa ɗaya, ya nuna miki katinsa na Gas Safe, wato rajistar masu izinin aikin gas. Shi zai sanar da kansul cikin kwana 30, takardar shaida ta biyo ki gida. Ki adana ta, ranar sayar da gida lauya sai ya tambaye ta.

Hajiyar Leeds: To Kawu, har falon da tamostat yake ma a sa masa kan?

Injiniya: A'a, wannan radiyetar a ƙyale ta. In kan ya rufe ta, tamostat ba zai ji ɗumi ba, boila ta yi ta ci ba hutu.

Ɗalibin Glasgow: Injiniya, mu ma ta shafe mu?

Injiniya: Sikotland nata dokokin gini daban ne, ka duba naku. Hajiya, gidan naki ya kai murabba'in mita 150? In ya kai, kuma duka bututun za a sake, sai a raba shi shiyya biyu, kowace da nata saitin.

Hajiyar Leeds: Ina! Ɗaki uku ne kacal. Bari in kira shi ya zo da katin.