Tsaga gungumen maɗaci da injin sarƙa: me ke sa katako ya fito a karkace?

Sani, Bali: Assalamu alaikum. Masu tsaga gungume a daji da Stihl 070, ina neman shawara. Maɗaci ne, katako na fitowa gefe ɗaya da kauri, ɗaya siriri, bayan mako biyu kuma bakinsa ya tsage. Laifin inji ne ko na hannu?

Malam Haruna, Takum: Wa alaikumus salam. Yankan farko shi ne komai, Malam Sani. Idan da hannu kawai kake bin layin da ka buga da zare, sai ka daɗe a sana'ar kafin ya miƙe. Ka sa firam ɗin da ake ɗaura wa ƙarfen sarƙa, ka ɗora tsanin ƙarfe ko miƙaƙƙen katako a kan gungumen, ka kafe shi da kusoshi. Ka auna daga cibiyar gungumen zuwa tsanin a kowane baki, awon ya zo ɗaya, domin gindi ya fi kai kauri. Sai ka ɗaga tsanin a ɓangaren kai da ɗan itace. Ka tabbata zurfin yankan ya wuce tsinin kusoshin, in ba haka ba sarƙa ta tafi. Da fuskar farko ta fito sumul, sauran duk a kanta firam zai hau. Kana tafiya ana cusa weji, wato ɗan itace mai tsini, cikin tsagar a bayanka kowace ƙafa biyu ko uku, kada katakon ya zauna ya matse sarƙar.

Baba Isa, Lafiya: Haruna ya faɗi gaskiya, amma ɗana, duba haƙoran sarƙarka tukuna. Idan inji na ja gefe ɗaya, haƙoran dama da na hagu ne ba su zo tsawo ɗaya ba, saboda kowa ya fi iya wasa gefen da ya fi masa sauƙi. Ka ƙirga jan magagari, kowane haƙori daidai da ɗan'uwansa. Sarƙar sare bishiya ana wasa ta a kan digiri 30, ta tsaga kuwa a kan digiri 10. Ta fi jinkiri amma fuskar katako ta fi kyau. Sarƙa .404 magagarinta milimita 5.5 ne. Alama mai sauƙi: muddin ka ga garin katako mai kama da tsaki ya koma ƙura, tsaya ka wasa. A ƙirya da loko ma ba a jira, bayan kowane yanka biyu ake taɓawa. Kuma ka ɓare ɓawon inda za ka bi, yashin da ke maƙale a ciki ya fi itacen cin haƙori. Ƙarfen sarƙar shi ma ka riƙa juya shi sama ya koma ƙasa don kada gefe ɗaya ya cinye.

Usman, Kumasi: Maganar mai. Tsaga ba sarewa ba ce, inji na kuka a cike minti goma ba hutu, nan fistin ke ƙonewa. Mai kyakkyawan man gauraye irin na kamfanin, mililita 100 a lita 5 ta fetur. In na kasuwa ne da ba ka yarda da shi ba, 200. Bayan kowane yanka a bar shi yana aiki a hankali ya huce kafin a kashe, a kuma kakkaɓe matatar iska. Don Allah a daina zuba baƙin man da aka juye daga mota a tankin sarƙa.

Malam Haruna, Takum: Alhaji Usman, a daji kusan kowa shi yake zubawa, man sarƙa tsada.

Usman, Kumasi: Na sani, amma akwai ɓurɓushin ƙarfe a cikinsa, yana cin famfon mai da ƙarfen sarƙa, yana kuma ɓata fuskar katako da baƙi. Gara sabon man inji mai araha. Sannan a kula da doka: a nan Gana an hana tsaga katakon sayarwa da injin sarƙa tun 1998, madobiya kuma ta shiga jeri na biyu na CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, a 2017. Kafin ka taɓa bishiya ka nemi takardar ma'aikatar gandun daji.

Baba Isa, Lafiya: Saura tsagewa. Bakin katako ya fi tsakiya saurin bushewa, shi ya sa yake buɗewa, balle da hunturu. Ranar da ka tsaga ka shafe bakunan biyu da fenti mai kauri. Ka jera a inuwa, sama da ƙasa saboda gara, da busassun sanduna masu kaurin inci 1 tsakanin kowane layi, tazarar ƙafa biyu, kowace sanda saitin ta ƙasanta, ka danne saman da nauyi. Katakon da cibiya ta ratsa kuwa ko me ka yi sai ya tsage, ka raba shi biyu ka fitar da cibiyar. Maɗaci yana murɗewa, don haka in inci 1 kafinta ke so, ka yanka inci 1 da kwata. Ka sa a lissafinka cewa kowane yanka sarƙa na cinye kusan santimita 1, saboda haka siraran katakai asara ce da wannan inji, masu kauri sun fi riba.